BABI NA UKU: TARIHIN ZAƁE DA HAYAR MAI HOTO A BUKUKUWAN AURE A KANGIRE DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo bayanin matakan auren Hausawa kamar yadda ake gudanar da su a Kangire da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, tun daga neman aure har zuwa kai gara. A wannan babi kuwa za a waiwayi wani mutum wanda a da babu shi a cikin masu hidimar biki, amma a yau da wuya a yi biki ba a neme shi ba, watau mai hoto. Za a duba yadda sana'arsa ta iso wannan yanki, da kuma abubuwan da iyaye da angwaye suke lura da su kafin su ɗauke shi aiki. Ra'ayin da babin ya ginu a kansa shi ne, duk da cewa ƙwarewa da rangwamen kuɗi suna da muhimmanci, abin da ya fi nauyi wajen zaɓen mai hoton biki shi ne amana. Dalili kuwa, abubuwa biyu ake damƙa masa: izinin shiga inda baƙon namiji ba ya shiga, da kuma ajiyar surar amarya bayan taro ya watse.

3.1 Biki Kafin Zuwan Kyamara

A Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mutanen wannan yanki suke bi, aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai da kuma siga, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid. Saboda haka hujjar aure tana cikin zukatan waɗanda suka halarta. Ana taruwa a ƙofar gidan waliyyin amarya ko a masallaci, a raba goro, a yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta wa jama'a cewa an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza. Abin da ya faru a cikin gida kuma, kamar kamu da sa lalle da jere, yana bakin tsofaffin mata da ƙawaye da zabiyoyi. Duk wanda ya karanta littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda mace ɗaya ta riƙe bayanin bukukuwa masu yawa a ka, da wanda ya kawo kaza da wadda ta yi rakiya, bayan shekaru masu tsawo.

Ƙasar Birnin Kudu tana da wata alaƙa ta musamman da zane wadda ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. A duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu na mutanen da a jikin koguna, tare da duwatsu masu amo idan an buga su. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi nazarin wuraren a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma ambaci al'adar zuwan amare ɗaya daga cikin waɗannan koguna a lokacin bikinsu. Sai dai shanu aka zana a wurin, ba amare ba. Amaryar Bahaushe a lulluɓe take tun daga kamu har zuwa buɗar kai, kuma kunya ita ce adonta na farko. Wannan shi ne yanayin da mai hoto ya tarar, shi da sana'arsa ba ta yiwuwa sai an buɗe fuska an dubi kyamara.

3.2 Isowar Hoto Ƙasar Hausa

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1839, bisa hanyar da Louis Daguerre ya ƙirƙiro. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai amfani da naɗaɗɗen fim, wadda ta rage wahalar aikin. Sana'ar ta shigo Afirka ta Yamma ta bakin teku. Augustus Washington, baƙar fatan Amurka, ya koma Laberiya a 1853 ya ci gaba da ɗaukar hoto a Monrobiya. A Nijeriya kuma akwai J. A. Green na Bonny wanda ya yi aiki a shekarun 1890, da George Da Costa na Ikko, sannan daga baya S. O. Alonge wanda ya buɗe shagonsa a Benin a 1942.

A Arewa, Turawan mulki sun riƙa ɗaukar hotuna bayan cin Kano a 1903, kuma sarakuna da hakimai da hawan daba suka fi ɗauka. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari ba da daɗewa ba, sai 'yan kudu masu sana'o'i iri-iri suka zo, cikinsu har da masu hoto, waɗanda Yarbawa suka yi fice a cikinsu. Ita kanta kalmar "hoto" aro ce daga Ingilishi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939, ta taimaka wajen sabar wa masu karatun boko da ganin fuskokin mutane a takarda.

Abin lura a nan shi ne, mai hoton farko da talakan ƙasar Kano ya sani baƙo ne, wanda ba addininsu ɗaya ba a mafi yawan lokuta, kuma mazauninsa bayan ganuwa. Irin wannan mutum ana iya zuwa wurinsa a kasuwa ko a tasha, inda yake kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton a cikin akwatin ya miƙa nan take. Amma babu mai tunanin kiransa ya ƙetare zaure.

3.3 Matsayin Malamai

Akwai hadisai a Bukhari da Muslim masu tsoratarwa a kan yin surar abu mai rai, saboda haka tun farko malamai suka yi saɓani a kan ko hoton kyamara ya shiga cikin wannan hani. Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya rubuta risala yana halatta shi, bisa hujjar cewa tsare inuwa ne kamar yadda mutum yake ganin kansa a madubi. Yusuf al-Ƙardawi ya kawo wannan ra'ayi a littafinsa na halal da haram na 1960. Wasu malaman kuma, irin su Shehu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya, sun hana shi sai dai in da larura.

Larurar ce ta fara buɗe ƙofa. Maniyyaci aikin hajji ba ya samun fasfo sai da hoto, haka ɗan makaranta mai neman rubuta jarrabawa da mai neman aikin gwamnati. Dattijon da ya zauna gaban kyamara domin zuwa Makka, da wuya ya tsaya kai da fata ya hana ɗansa ɗaukar hoto ranar ɗaurin aure. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi wa'azi mai zafi a kan bidi'o'in biki da almubazzaranci da cakuɗuwar maza da mata. A fahimtar mai wannan bincike, wa'azin bai kori mai hoto daga biki ba, sai dai ya ƙara tsananta tambayar da iyaye suke yi tun asali, watau wane ne zai shiga wurin mata.

3.4 Zamanin Fim

Lokacin da hoton biki ya zama ruwan dare a ƙananan garuruwa shi ne daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1990. Kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji da ya biyo bayan rahoton 1974, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 wanda ya watsa malaman makaranta cikin ƙauyuka, duk sun samar da samari masu albashi waɗanda suke son bikinsu ya yi kama da na birni. Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tana da kwalejin gwamnati da babban asibiti, don haka ba ta rasa ma'aikata masu buƙatar hoto. Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, da mayar da Dutse babban birni, ya ƙara jawo ma'aikata da masu sana'a kusa. A cikin waɗannan shekaru ne 'yan ƙasa suka koyi sana'ar, wasu ta hanyar zama yaran shago, har suka mallaki kyamarorinsu irin su Yashica. Mutumin Kangire da zai yi biki yana iya ɗauko mai hoto daga cikin Birnin Kudu, na ƙasar Gwaram kuma ya yi magana da wanda ya saba gani a babbar kasuwa kamar ta Sara.

3.4.1 Wanda Yake Yin Zaɓen

Bisa al'ada, neman mai hoto aikin babban abokin ango ne, kamar yadda neman motar kai amarya da rabon katin gayyata suke wuyansa. Amma ikonsa ya tsaya ne a waje: ɗaurin aure, da gaisuwar surukai, da zaman angwanci. Abin da ya shafi cikin gida kuwa, uwar biki da gwaggwannin amarya da babbar ƙawa su ne masu cewa e ko a'a, kuma bayansu akwai maigida. Wannan ya sa sau da yawa biki ɗaya yake da zaɓe biyu. Wanda abokan ango suka ɗauko saboda kyamararsa sabuwa ce, ana iya tsayar da shi a zaure, a aika a kirawo wani yaro ɗan unguwa wanda hotonsa bai kai na wancan kyau ba, amma an san ubansa, matan gida kuma sun goye shi yana ƙarami. Ƙuruciya ma kanta cancanta ce a nan, domin yaron da bai gama balaga ba yana shiga gidan kulle ba tare da an yi magana ba. Wasu masu shago sun gane haka, sai su saita kyamara su ba yaronsu ya shiga, su kuma su tsaya a waje.

3.4.2 Ciniki da Biya

Naɗin fim ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, kuma wannan adadi shi ne ginshiƙin ciniki. Ango yana iya sayen fim da kansa, Kodak ko Agfa ko Fuji ko Konica, ya biya ladan aiki da kuɗin wanki. Ko kuma a yi jinga a kan naɗi kaza, a ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin sai an kawo hotuna. Akwai kuma hanya ta uku wadda mai hoto yake zuwa ko ba a gayyace shi ba, ya ɗauki 'yan biki, bayan kwanaki ya bi su gida-gida kowa ya fanshi nasa. Wannan ta ukun ita ce tsofaffi suka fi ƙi, saboda ba a san iyakar wanda ya ɗauka ba, hoton da ba a fansa ba kuma yana nan a jakarsa.

Ƙarancin fim ya sa kowane hoto sai an yi shawara. Ba a ɓata shi a kan mutum yana tafiya ko yana dariya. Ana jera mutane ne, manya a zaune, yara a tsugune a gaba, kowa ya ƙame. Hotunan da ba a yarda a rasa ba su ne na ango da abokansa cikin manyan riguna, da na amarya da ƙawayenta bayan an cire lalle, da kuma na ɗakin amarya bayan jere, inda ake so gado da kabad da kwanuka da tasoshi su fito sosai. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Kayan ɗaki dukiyar amarya ce, kuma shaida ce ta ƙoƙarin iyayenta, saboda haka hoton jere yana zama abin nunawa ga dangin da ba su sami zuwa ba, wani lokaci ma abin tuni idan aure ya mutu aka zo kwashe kaya aka yi musu a kan abin da aka kawo.

Hoto baƙi da fari ana iya wanke shi a ɗan ɗaki mai duhu a bayan shago. Mai kala kuwa sai da inji, injinan kuma suna manyan birane. Daga Birnin Kudu zuwa Kano tafiyar fiye da kilomita 100 ce, don haka mai hoto yakan jira ya tara fina-finan bukukuwa da sunaye da yawa kafin ya shiga mota, ko ya ba direban da ya amince da shi. Jiran mako biyu ko wata guda ba abin mamaki ba ne. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, fim da takardar wanki, da yake duk daga waje ake shigo da su, sun yi tsada ƙwarai, wasu masu hoto suka koma amfani da fim da ya daɗe a ajiye, kala ta riƙa fitowa a koɗe.

Babbar musiba a wannan zamani ita ce a ce "fim ya ƙone", watau haske ya shige shi, ko an ɗora shi ba daidai ba, kyamara tana ta walƙiya alhali ba ta ɗaukar komai. Ba a sanin haka sai bayan biki ya wuce. A dangin mai wannan bincike an taɓa yin bikin da babu hotonsa ko ɗaya saboda irin wannan, mai hoton ya mayar da kafin alƙalami har gida tare da ban haƙuri, amma lalle ya riga ya goge, baƙi sun koma garuruwansu. Tela idan ya ɓata ɗinki ana sayen wani yadi, shi kuwa biki ba a maimaita shi. Shi ya sa tambayar farko da ake yi a kan mai hoto ita ce ko fim ya taɓa ƙone masa, kuma a bikin wa.

3.4.3 Wanda Yake Riƙe da Negetif

Bayan an karɓi hotuna an jera a albam, negetif yana zama a wurin mai hoto, domin da shi yake samun ƙarin ciniki idan dangi suka nemi kwafi. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ma ta bar haƙƙin hoto a hannun wanda ya ɗauka, ko da wani ne ya sa shi aikin, sai dai in an rubuta akasin haka a yarjejeniya, ga shi kuwa cinikin biki da baki ake yin sa. Ma'ana, surar matar mutum tana cikin akwatin wani namiji, yana iya wanke ta ya ba tsohon saurayinta, ko ya liƙa ta a allon gilashin ƙofar shagonsa don tallar aiki. A wurin mai shago wannan yabo ne ga kyawun hoton, a wurin miji kuwa tonon asiri ne. Akwai kuma tsoron da wasu suke da shi cewa ana iya yi wa mutum sammu da hotonsa. Don haka magidanta masu kaffa-kaffa sukan sa sharaɗin a haɗo musu da negetif, ko da za su ƙara kuɗi.

3.5 Shigowar Bidiyo

Kyamarar bidiyo mai kaset ta fara bayyana a bukukuwan masu hali a shekarun 1980, ta yaɗu a shekarun 1990, daidai lokacin da fina-finan Hausa suka kunno kai da Turmin Danya a 1990. Mai bidiyo yana zuwa da fitila mai zafi da janareto da yaro mai jan waya, watau maza biyu ko uku ke nan a tsakar gida maimakon ɗaya. Sannan abin da yake ɗauka ya wuce fuska, har da rawa da guɗa da maganganun da mata suke yi a tsakaninsu. Kaset kuma yana yawo daga gida zuwa gida a matsayin aro. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihohin Kano da Jigawa a shekarar 2000, sa ido a kan bukukuwa ya ƙaru, gidaje da dama suka taƙaita bidiyo ga ɗaurin aure da walima.

3.6 Zamanin Dijital da Wayar Hannu

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001, a cikin shekarun da suka biyo baya kuma kyamarar dijital ta ture fim, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karyewar arziki a 2012. Tsoron ƙonewar fim ya kau, domin ana duba hoto a bayan kyamara tun amarya ba ta tashi daga wurin ba. Lissafin 24 da 36 ma ya wuce, ciniki ya koma na kwana nawa za a yi, da albam guda nawa, da firam, da kalanda da sauran kayan rabo masu ɗauke da fuskar ango da amarya. Ba a kuma buƙatar tafiya Kano don ganin aikin mutum, ana duba shi a Facebook ko Instagram, ko a turo ta WhatsApp.

Amma matsalar negetif ta dawo da wani salo da ya fi na da wuyar magani. Negetif guda ɗaya ne, idan miji ya karɓe shi magana ta ƙare. Hoton da yake cikin memori kuwa ana iya kwafarsa sau dubu, kuma wanda ya miƙa wa ango kwafi bai rabu da nasa ba. Allon gilashin da a da mutanen kasuwa kaɗai suke gani, ya zama shafin intanet da duk duniya take kallo. Bugu da ƙari, kowace ƙawa tana riƙe da kyamara a tafin hannunta, ta yadda tsayar da mai hoto a zaure bai hana hoto fita ba. Hotunan kafin aure, waɗanda saurayi da budurwa suke ɗauka tare tun ba a ɗaura ba, sun jawo suka daga malamai, kuma iyaye suna da tasu hujjar ta daban, wato idan auren ya fasa hoton yana nan yana bin yarinya. A gefe guda kuma an sami mata masu sana'ar hoto, musamman a birane irin su Kano, waɗanda ake ɗaukowa domin kamu da wuni, abin da ya warware tsohuwar matsalar shiga gida ga wanda yake da halin biyan kuɗin motarsu da masaukinsu.

Ta fuskar doka an sami sauyi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto domin amfanin kansa da iyalinsa ikon yin amfani da shi ba don kasuwanci ba, da kuma ikon hana a buga shi ko a baje shi ko a watsa shi ga jama'a, matuƙar ba a rubuta wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka ba. Ke nan ango ko uban amarya da ya biya kuɗin aiki yana da hurumin cewa a sauke hoton 'yarsa daga shafin mai hoto. Sai dai a gari irin Kangire irin wannan ƙorafi ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba. Hanyar da aka saba ita ce a sami mahaifin mai hoton ko ubangidan da ya koya masa aiki, in abin ya faskara a kai ga mai unguwa ko dagaci, kuma wannan hanya tana aiki ne kawai idan mai hoton ɗan gari ne wanda aka san gidansu.